Ranar da Muka Karrama Mama Ronke

Assalamu alaikum, Abba.

Ina gaishe ka da fatan ka sauka lafiya, ka kuma sami masauki mai kyau da mutanen kirki a Ondo. Allah ya tsare min kai a hanya da masauki, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na mutum, ya sa ka fara wannan aiki a sa'a.

Ka san halina. A kasuwar Katako bakina ba ya hutawa daga safe har yamma, amma in na shigo gida sai maganar ta ƙare. Ranar da muka raka ka tasha na shirya abubuwa da yawa a raina, da motar ta tashi ba abin da ya fito sai "ka riƙe salla." Shi ya sa na zauna na rubuta. Isiyaku direba zai taso ɗauko kaya, shi zan ba ya kawo maka. Labarin gida kuwa na bar wa mahaifiyarka, na san kuna shan hira a waya.

Asabar ɗin da ta wuce muka karrama Mama Ronke a Lambun Manaja. Na so a ce kana nan. Kai ka san ta a matsayin tsohuwa mai malafa, wadda take ba ku gwaiba in kun yi shara, ta kuma kore ku in kun hau reshe. Ba ka san yadda aka yi mai sayar da katako irina ya zama mai ban ruwa a ƙungiyarta ba. Ka taɓa tambayata kana yaro, na ce ka je ka yi wasa. Yau zan ba ka amsa, don ina ganin za ta yi maka amfani a inda kake.

Lambun nan wani Bature manajan kamfanin kuza ne ya sa aka shuka shi, tun kakanka yana saurayi yana ɗaukar kwano a bakin rami. Da kamfanin ya watse, gidan ya rushe, lambun ya koma hannun hukuma, daga nan ya koma hannun awaki. Itatuwan ne kawai suka ƙi mutuwa: turare dogaye, mangwaro, fiya, da wasu manyan maɗatai guda huɗu a tsakiya. Maɗatan nan su suka kai ni wurin.

Kana rarrafe a lokacin. Wani dillali ya same ni a rumfa ya ce akwai maɗaci a cikin gari, ba sai an je daji ba, kuma akwai wani ma'aikaci da zai sa hannu a sare su da sunan sun tsufa za su faɗo wa mutane. Ban tambayi komai ba. Na ɗauki tef ɗina na awo na bi shi. Ina zagaya gindin babban, ina lissafa falankin da zai fita a kaina, sai na ji murya a bayana.

"Oga, riga za ka ɗinka masa?"

Na juya. Mace ce gajera, da malafa da manjagara a hannu, zaninta ya jiƙe har gwiwa. Na ce dubawa kawai nake yi. Ta ce, "To madalla. Tun da ka zo dubawa, riƙe min wannan." Ta miƙo min bokiti. Ni da babbar riga, ga dillali yana kallo, amma ta girme ni, kuma ta yi maganar kamar yadda yayar mutum take aikensa. Na karɓa. Ta nuna min rijiya, ta nuna min wasu 'yan shuke-shuke a bakin shinge. Na yi sawu wajen biyar ina zuba ruwa, ita tana gefe tana gaya min sunan kowane itace da wanda yake zama a ƙarƙashinsa. Wannan na tsofaffin 'yan fansho ne masu dara. Wancan ɗalibai ne suke karatu a gindinsa in jarrabawa ta matso. Babban maɗacin kuwa, wanda na gama aunawa, nan babanta yake cin abincin rana lokacin yana akawun kamfani, ita kuma take kawo masa a kwano tana 'yar firamare.

Ba ta ce min kada ka sare ba. Ko sau ɗaya. Da zan tafi ta ce, "Muna nan kowace Asabar. Mu huɗu ne, duk tsofaffi. Bayanmu ya gaji."

Kada in yi maka ƙarya in ce nan take zuciyata ta juya. Na koma rumfa ina jiran dillali ya kawo takarda. Allah ne ya sa aka yi wa ma'aikacin nan canjin wurin aiki kafin ya sa hannu, maganar ta mutu da kanta. Da bai tashi ba, da wataƙila maɗatan nan yanzu ƙofofi ne a gidan wani. Abin da ya dame ni daga baya shi ne, na tsaya a gindin itacen da ya girme ni nesa ba kusa ba, ban ga komai a jikinsa ba sai falanki.

To kai yanzu aikinka ke nan, auna itace daga safe har yamma. Sana'a ce ta halal, da ita na ciyar da ku, ba na jin kunyarta. Amma duk gungumen da aka kawo maka, ka tambayi daga ina ya fito da wanda ya ba da izini. In ka ga ana magana ƙasa-ƙasa, ana cewa a loda kafin mutanen gari su farga, ka janye hannunka ko da arha ta kai yaya. Kai baƙo ne a can. Ba ka san wane itace ne mutane suke taruwa a gindinsa ba, ba ka san wanda kakan wani ya shuka ba. Tambaya ba ta rage wa ɗan kasuwa komai.

Abin da ya mai da ni lambun kunya ce. Na ce bari in je sau ɗaya in yi musu ban ruwa, in wanke raina. Sau ɗayan nan ne ya zama shekarun da ka sani. Na tarar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, Bayarbiya, Kirista, haifaffiyar Gada Biyu. Hausarta irin ta Jos ce, wadda mace da namiji duk "shi" ne, kuma ba wanda ya isa ya gyara mata. Ita ta fara shiga lambun ita kaɗai da tsintsiya, mutane suna cewa ritaya ta taɓa mata kai. Sannan ta jawo wani tsohon ɗan sanda, da wani tela, da wata mai tuwo. Yaran unguwa suka sa musu suna 'Yan Tsintsiya don tsokana, ita kuwa ta ce sunan ya yi, da shi aka yi wa ƙungiya rajista. Ita ta yi ta sintiri a ofisoshi har aka bar maganar yanka wurin a yi shaguna. Ba ta da kowa a sama. Zama take yi a bencin ofis da ledar gyaɗarta har a gaji a saurare ta.

Yanzu zan zo kan abin da ya fi yi min nauyi.

Ka tuna lokacin da gari ya rikice, kuna makarantar sakandare, aka yi ta zaman gida. Da ƙura ta lafa, Jos ba ta koma yadda take ba. Kowa ya san titin da zai bi da wanda ba zai bi ba. Lambun Manaja kuwa a tsakani yake, unguwarmu ta wannan gefe, tasu ta wancan, kuma ƙofarsa ɗaya tana ɓangarensu. Na daina zuwa. Wannan ban zargi kaina a kai ba, ina da iyali, kuma tsoro ba laifi ba ne. Abin da na yi wanda bai dace ba shi ne shiru. Lambarta tana cikin wayata. Ban kira na ce Mama kin tsira, ya yara, ya gida ba. Da farko na ce sai an kwana biyu. Da aka kwana biyu sai na ji kunyar jinkirin, kunyar ta hana ni kira, jinkirin ya ƙaru. Damina ta zo ta wuce, rani ya zo, wata daminar ta sake zuwa.

Wata safiya mahaifiyarka ta aike ni kasuwar Farin Gada sayen kayan miya na sunan ƙanwarta. Ina cikin ciniki na hango malafar nan tana tahowa tsakanin buhunan kabeji. Abba, ni da gemuna na zagaya bayan wata babbar mota na tsaya kamar ina duba taya.

"Alhaji Sani! Motar kabeji ba ya ɓoye mai doguwar hula."

Na fito. Masu lodi suna ta dariya. Na fara haɗa gaisuwa da ba da haƙuri, maganar tana karo da juna. Ta ɗaga hannu.

"Kana lafiya? Madam da yara? Ba wanda aka taɓa?"

Na ce lafiya ƙalau.

"To mun gode Allah. Ni ɗan ƙanwata ya tafi a ciki."

Na rasa inda zan sa idona. Yaron na san shi, yakan tura mana baro. Ta yi makoki, ta share hawayenta, ni da nake kiran kaina ɗanta ina nan tsallaken titi ban sani ba, don ban tambaya ba. Na ce, "Mama, ki yafe min." Ta ce, "Na ji zafinka, ba zan ɓoye ba. Na duba waya na gaji. Amma ba shi ya sa na kira ka ba. Fiya ɗin da ka dasa ya fara 'ya'ya, kuma ina da aikin kafinta."

Aikin shi ne ƙofa ta biyu. Ta lura tun bayan rikicin mutanenmu sun bar shiga lambun, ba tsoho mai dara, ba ɗalibi. Ta ce ba za ta roƙi kowa ya bi titin da yake tsoro ba. A fasa shingen ƙerana ta gefenmu, a sa ƙofa, kowa ya shigo ta inda hankalinsa ya kwanta. Wasu a ƙungiya suka ƙi, suka ce za a buɗe wa fitina hanya. A unguwarmu ma an same ni an ce me ya kai ni. Ita dai ta ce rijiya ɗaya ce a lambun, duk wanda ya shigo ta ko'ina a bakinta zai tsaya. Na kawo katako daga rumfata, na ɗauko kafinta, muka kafa ƙofar. Makonnin farko ba wanda ya bi ta sai ni da akuya. Sannan Malam Garba mai dara ya leƙo, ya tarar abokin wasansa Baba Pam yana zaune a gurbinsu na da, ya haƙa ramukan dara yana jira. Ba su yi wata doguwar magana ba. Baba Pam ya ce, "Kai ne da wasa." Suka ci gaba.

Abin da nake so ka ɗauka a nan: in wani abu ya faru, ko a can ko a nan, ka kira mutane. Kada ka jira sai ka sami kalmomi masu kyau, babu su. "Kana lafiya?" ta isa. In kuma ka yi jinkiri har kunya ta kama ka, ka sani kunyar gobe ta fi ta yau nauyi. Kuma za ka zauna da mutanen da ba addininku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba. Ka riƙe naka da kyau, ba wanda ya ce ka saki. Amma maƙwabcin da ya yi rashi, ka je ka zauna da shi.

Maganar karramawar kuma, ni na fara kawo ta, ni na kuma jawo ta yi latti. Shekaru ina cewa matar nan ta cancanci a tara gari a gode mata. Aka ce to Alhaji, kai ne shugaban shiri. Sai na sa wa raina sai an yi babba: rumfuna, makaɗa, babban baƙo daga gidan gwamnati, allo na dutse da sunanta. Babban baƙo ya sa rana ya ɗaga, ya sake sawa ya sake ɗagawa. Tela ya ce mu yi abinmu da shinkafa da lemo, na ce a'a, Mama ta wuce haka. Ina ganin girmama ta nake yi. Yanzu da na duba, har da son a ce Alhaji Sani ya iya shirya taro.

Muna wannan jira ta fara mantuwa. Da farko makulli ne da tabarau. Sai ta fara kiran tela da sunan mijinta da ya rasu. Wata rana aka tsince ta a Gada Biyu tana neman gidan da aka haife ta, wanda aka rushe tun tuni. Sai ga 'yarta Ronke ta zo daga Ibadan ta same ni a rumfa. Ta ce, "Alhaji, zan tafi da Mama. Ba za ta iya zama ita kaɗai ba. Ranar Lahadi za mu kama hanya."

Na ce, "Wace Lahadi?"

Ta ce, "Mai zuwa."

Babu babban baƙo, babu makaɗa, babu allon dutse. Mai tuwo, wadda yanzu jikokinta ne suke tuƙi, ta ce abinci nata ne. Matasan ƙungiya suka yi shara, suka aro kujeru daga coci da makarantar Islamiyya. Ni kuma ina da wani reshen babban maɗacin da iska da ƙanƙara suka karya wata damina, na tsaga shi na ajiye a bayan rumfa ya bushe, ban san me zan yi da shi ba. Na kira kafinta muka yi benci mai majingina, muka goge shi har yana ɗaukar ido, aka sassaƙa sunanta a jiki.

Mutane sun zo fiye da zatona, ta ƙofofin nan biyu. Ɗalibanta na da, wasu da furfura. Masu lodi daga Farin Gada. Wata likita da ta ce a gindin mangwaron can ta yi karatun jarrabawarta. Ronke ta kawo Mama, ta sha ashoke da ɗaurin kai, ta rame, tana dogara sanda. Ta tsaya ta dubi taron.

"Bikin wa ake yi?"

Ronke ta ce, "Naki ne, Mama."

"Ni? Me na yi?"

Aka yi dariya, wasu suna share ido. Liman ya yi addu'a, fasto ya yi. Aka ce shugaban shiri ya yi jawabi. Na miƙe da takardata, na karanta layi biyu, na ga ba ta ma kallona. Idonta yana kan wani saurayi da ya ɗora ƙafar kujerarsa a kan wani ɗan dashe. Ta ɗaga sanda ta ce, "Kai! Ɗaga kujera. Lemun tsami ne, bai yi maka komai ba." Yaron ya yi tsalle. Na ninke takardata na sa a aljihu, na ce jama'a, kun dai gani, wannan ita ce Mama, Allah ya saka mata. Na zauna. Ban taɓa yin jawabi mafi gajarta ba, kuma ba wanda ya nemi ƙari.

Daga nan ta ce a zagaya da ita. Abba, matar da ba ta gane 'yarta wani lokaci, ba itacen da ta ɓata sunansa. Ta san wanda aka dasa da rani, ta san wanda tsutsa ta taɓa ci. Mu ne dai ba ta sani ba. Muka kawo ta gindin maɗaci, na riƙe hannunta ta zauna a bencin. Ta shafa katakon a hankali, ta sunkuya ta shinshina.

"Maɗaci ne. Wanda ya yi wannan ya san aiki. Ba a sare shi ɗanye ba ko?"

Na ce, "A'a Mama, iska ce ta karya reshen."

"To da kyau." Ta ɗago ta dube ni sosai, irin duban da malama take yi wa sabon ɗalibi. "Kai ɗan waye?"

Na gaya mata sunan kakanka.

"Ban san shi ba. Amma kana da ƙarfi. Ka riƙa zuwa ran Asabar, muna neman hannu."

Na ce, "Zan zo, Mama."

Na zagaya bayan rijiya na daɗe a can kafin in iya komawa cikin mutane.

Godiyar da na tara mata shekara da shekaru, na kai ta ranar da ba ta da inda za ta ajiye. Da na bi maganar tela, da ta ci shinkafarta tana sane, ta yi mana faɗan ɓarnar kuɗi, ta tafi gida da daɗi a ranta. Don haka duk wanda ya yi maka alheri a can, mai masaukinka ne, ko wanda ya nuna maka kan aiki, ko matar da ta ba ka magani kana zazzaɓi, ka gode masa a ranar, da bakinka, da ɗan abin da ke hannunka. Kada ka ce sai ka yi arziki.

Ga kuma abin da nake roƙonka, roƙo ne ba umarni ba. Da muka je sallama ranar Lahadi, Ronke ta ja ni gefe ta ce wani abu yana damunta. Tun da ciwon ya yi nisa, Turancin Mama ya fara zubewa, Yarbancin ma yana raguwa. Abin da ya rage mata sosai Hausa ce, wadda ta yi wasan ƙasa da ita a Gada Biyu. Ronke tana ji kaɗan-kaɗan, amma mijinta da 'ya'yanta ko "sannu" ba su sani ba. Ta ce tana tsoron Mama za ta zauna a cikin jikokinta kamar baƙuwa.

Isiyaku ya ce daga inda kake zuwa Ibadan tafiyar safiya ce. Na rubuta maka lambar Ronke a bayan takardar nan. In ka sami hutu, ka shirya ka je. Ka sayi ayaba ko lemo, kada ka shiga hannu sake. Ba za ta gane ka ba, kada wannan ya dame ka, kuma kada ka matsa mata da "kin tuna ni." Ka durƙusa ka gaishe ta da Hausarmu ta Jos, ka ce daga gida kake. Ka gaya mata an yi ruwa, fiya ta yi 'ya'ya, an gyara igiyar guga. In ta tambaye ka sau goma, ka amsa sau goma. In ta ce ka zo ran Asabar, ka ce to.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka rage shan ruwan sanyi. Ƙannenka suna gaisuwa. Allah ya kiyaye ka daga abokin banza da cinikin da za ka yi nadamarsa, ya ba ka lafiya da kwanciyar rai, ya sa mutanen garin su ji daɗin zama da kai. Allah ya ba Mama Ronke sauƙi, ya sa ka same ta a ranar da take jin hira. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sani
Katako, Jos